Ɗalibaina 'yan SS3 sun yi shiru tun da aka kulle mu a gida: ta yaya zan kai musu Alƙur'ani ya shiga?

Malamin Aji | Asabar, 2 ga Mayu 2020 (9 ga Ramadan)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barkanmu da shan ruwa, Allah ya karɓi ibadunmu.

Ni malamin darasin addinin Musulunci ne a wata sakandare mai zaman kanta a nan cikin Kano, kuma ni ke riƙe da ajin 'yan SS3, yara 43, maza da mata. Yawancinsu tun suna JSS1 muke tare. Na san wanda ke zuwa makaranta bai karya ba, na san wadda mahaifinta ke biyan kuɗin zango kashi uku. Shi ya sa abin da zan faɗa yake hana ni barci.

Rabona da su tun da aka rufe makarantu a watan Maris saboda annobar korona. A watan ne suka zana JAMB, wasu sun samo maki mai kyau, har mun fara zancen kwas ɗin da kowa zai nema. WAEC da aka shirya farawa ranar 6 ga Afrilu aka ɗage, kuma har yau babu rana. Sai dokar kulle ta hau kanmu ranar 16 ga Afrilu, ranar Litinin ɗin nan da ta wuce kuma shugaban ƙasa ya ƙara wa Kano mako biyu. Azumi ya same mu a ɗaka. Ba asham a masallaci, ba Juma'a, tafsiri sai a rediyo. Ga zafi, ga rashin wuta, ga mace-macen nan da duk wanda ke Kano ya san su, kullum sai ka wayi gari da sanarwar rasuwar wani dattijo.

Abin da na yi shi ne na buɗe mana zaure a WhatsApp. Cikin 43 ɗin, 17 ne kawai ke da babbar waya ko suke iya aron ta wani a gida. Kullum bayan sallar asuba sai in tura aya ɗaya da fassararta da 'yar nasiha. Na tura "lallai tare da tsanani akwai sauƙi", na tura "Allah yana tare da masu haƙuri", na tura ayar Baƙara ta jarrabawa da tsoro da yunwa. Makon farko amsa ta yi ta zuwa: Jazakallahu khairan Malam, Allah ya saka. Mako na biyu mutum huɗu ko biyar. Yanzu ina ganin an buɗe saƙon, amma ko uffan.

Daren Laraba, wajen ƙarfe biyu, saƙon monitan ajin ya shigo mini ni kaɗai. Yaron nan shi ke jan mu sallar azahar a makaranta idan liman bai zo ba, yana da izu 20 a ka. Ga abin da ya rubuto, ban canza komai ba sai gyaran rubutu:

"Malam don Allah ka yi haƙuri. Ka daina turo ayoyin haƙurin nan. Na san su duka, na haddace su. In na karanta sai in ji kamar kowa yana da imani ni ne ba ni da shi. Kwana biyar ban buɗe Alƙur'ani ba kuma azumi ake. Barci nake har la'asar. Ban san me ya same ni ba."

Na daɗe ina kallon wayar. Mahaifinsa ɗan tebur ne a Kantin Kwari, wanda sai ya fita ake ɗora tukunya, su tara ne a ɗaki biyu. Na rubuta amsa na goge ya kai sau huɗu. A ƙarshe abin da na iya cewa shi ne "Na ji, Allah ya yi maka albarka, za mu yi magana." Har yanzu ba mu yi ba, don ban san ta inda zan fara ba.

Ta biyu yarinya ce, ba ta cikin zauren ma. Ƙawarta ce ta gaya mini. Kakanta da ya riƙe ta tun tana goye ya rasu kwana goma da suka wuce, aka kai shi da mutane 'yan kaɗan, ba a yi zaman makoki ba. Ita kuma kafin ya kwanta ta yi mura da tari na kwana uku. Yanzu ta ƙulla a ranta ita ce ta sa masa ciwon. Ba ta cin abin kirki ko da buɗa-baki, kuma ta ce wa ƙawar tata da ita ce ta tafi da ya fi.

To jama'a, ga tambayata. Na yi imani babu maganin da ya kai Alƙur'ani ga zuciya, a kan haka na ginu kuma a kan haka nake koyarwa. Amma ga shi na ba da shi ta hanyar da ta ƙara wa yaro nauyi. Waɗanda suka saba da matasa, iyaye da malamai, me kuke karanta musu a irin wannan hali? Kuma ta yaya? Sannan sauran 26 da ba su da waya, yaya zan yi da su?

Ɗan Zaure | Asabar, 2 ga Mayu 2020

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya saka maka da wannan damuwa da ka yi, ba kowane malami ba ne zai yi ta alhali ba ya aji.

Amma ni a ganina kada ka sassauta. Yaran yanzu an cika lallashinsu. Wanda yake kwana a kan waya har biyun dare dole ya yi barci har la'asar, kuma dole zuciyarsa ta bushe. Ka gaya masa gaskiya. Allah ya ce a Suratur Rum aya ta 41 ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, domin ya ɗanɗana musu wani abu daga aikinsu ko sa dawo. Wannan lokacin tuba ne, ga babba ga yaro.

Abin da nake yi a gidana: salla biyar a jam'i a tsakar gida, babban ɗana mai shekara 16 shi ke kiran salla, asham kuma shi ke ja. Ƙarfe goma ina karɓe wayoyi. Ka duba Suratu Yunus aya ta 87, inda aka umarci Annabi Musa da ɗan'uwansa su tanadi gidaje ga mutanensu a Masar, su mai da gidajen wurin salla, su tsai da ita. An rufe masallaci, ba a rufe salla ba. Ka kira iyayen ka gaya musu haka. Idan salla ta tsaya a kan lokacinta, sauran za su biyo.

Malama Fagge | Lahadi, 3 ga Mayu 2020

Malam, sannu da ƙoƙari. Shekarata 26 ina koyar da 'yan mata a Islamiyya, na aurar da wasu, na yi wa wasu wanka na ƙarshe. Bari in ɗan tsawaita, ka yi mini uzuri.

Ɗan Zaure, maganarka ta jam'i a gida da ayar Yunus gaskiya ce, na ma ɗauka zan yi amfani da ita. Amma ayar Rum kada ta je kunnen yarinyar nan yanzu. Wadda ta riga ta yanke wa kanta hukuncin ita ta kashe kakanta, idan ka ce mata "abin da hannayen mutane suka aikata", hannunta za ta kalla. Ayar gaskiya ce, amma kowace gaɓa da maganinta. Kuma hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari, da ta tambayi Manzon Allah (SAW) game da annoba, bai tsaya a kan cewa azaba ce ba. Ya ce Allah ya sanya ta rahama ga muminai, kuma wanda ya zauna a garinsa yana mai haƙuri da neman lada, yana sane babu abin da zai same shi sai abin da Allah ya rubuta masa, yana da kwatankwacin ladan shahidi. Ka ga zaman da yaran nan suke yi suna ganin ɓata lokaci ne, a wurin Allah aiki ne.

Yanzu Malam, kai. Yaronka bai ƙi Alƙur'ani ba. Yaron da ya ƙi ba zai tashi biyun dare yana kukan kwana biyar bai buɗe shi ba. Abin da ya faru, ka yi ta aiko masa da ƙarshen labari, shi kuma yana tsakiya. "Tare da tsanani akwai sauƙi" magana ce mai daɗi ga wanda aka fara zama da shi aka yarda cewa e, tsananin nan tsanani ne.

Ka koma Suratu Yusuf. Annabi Yaƙub shi ne ya ce "haƙuri mai kyau", har sau biyu, a aya ta 18 da ta 83. To ka karanta ayar da ke bin ta 83 ɗin. Ya juya musu baya yana cewa ya baƙin cikina a kan Yusuf, har idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki. Mai haƙuri mai kyau ke nan, Annabi ɗan Annabi. Da 'ya'yansa suka ce zai halaka kansa, bai ce musu ba komai ba. Cewa ya yi: ni ina kai ƙarar damuwata da baƙin cikina ne wurin Allah. Sannan bayan haka ne ya ce su je su nemi labarin Yusuf da ɗan'uwansa, kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Mu malamai muna son mu yi tsalle daga 83 mu dira a 87, mu bar yaro ya zaci wanda ya yi kuka ya fita daga sahun masu haƙuri. Ai Manzon Allah (SAW) da kansa ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim yake cikawa, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi.

Game da yarinyar. Na farko, kada ka jira. Yau ka kira mahaifiyarta ko wadda take hannunta, ka gaya mata kalmar da ta faɗa wa ƙawarta yadda take, kada ka rage. A daina barinta ita kaɗai a ɗaki, a sa ido a kan cinta da barcinta, idan ta sake furta irin wannan ko ta ci gaba da ƙin abinci a nemi likita ko da ta waya ne. Wannan ba raunin tawakkali ba ne. Na biyu, kai namiji ne kuma malaminta, kunya ba za ta bar ta ta buɗe maka ciki ba. Ka ba maiɗakinka wayar ko wata malama a makarantarku.

Duk wadda za ta yi mata magana, ta fara da sauraro, kwana ɗaya ko biyu ba aya ba hadisi. Ta tambaye ta wane irin mutum ne kakan, me yake kiranta, me yake so a dafa masa. Bayan nan sai Suratu Maryam, aya ta 23 zuwa 26. Nana Maryam, wadda Allah ya zaɓa a kan matan duniya, ita kaɗai a gindin dabino, ta ce ina ma na mutu kafin wannan, na zama abin da aka manta. Ka lura da amsar da ta zo mata. Ba a tsawata mata ba. An ce kada ki yi baƙin ciki, ga ruwa a ƙarƙashinki, girgiza dabinon nan ya zubo miki, ki ci ki sha ki sanyaya ranki. Na karanta wa wata ɗalibata wannan wurin shekarun baya da mahaifiyarta ta rasu, ta ce mini "Malama, ashe ita ma ta faɗa?" Daga nan ta fara kuka, wanda tun ranar rasuwar ba ta yi ba.

Maganar ajali, da hadisin da ya hana cewa "da na yi kaza da kaza", za su zo, kuma dole su zo, don su ne za su cire mata ƙayar. Amma sai ta ci abinci tukuna.

Maman Grace, Kaduna | Lahadi, 3 ga Mayu 2020

Salama gare ku. Malam, ni Kirista ce, ina fata ba laifi in sa baki, don abin da ka faɗa kamar gidana ka leƙo. Ina koyar da ajin matasa a makarantar Lahadi ta cocinmu, 'yan shekara 13 zuwa 18. Mu a Kaduna tun 26 ga Maris muke kulle, Ista ma ranar 12 ga Afrilu a falo muka yi ta, ni da yara da rediyo.

Kuskuren da ka ce ka yi, ni ma shi na yi. Na yi ta tura musu Zabura 91 da Filibiyawa 4:6, "kada ku damu da komai", har wata yarinya ta ce mini, "Mama, to ni na damu, zunubi na yi ke nan?" Sai na tuna Manzo Bulus yana kurkuku ya rubuta wannan wasiƙar ta Filibiyawa, kuma ban taɓa gaya musu haka ba. Da na gaya musu, ayar ta canza a kunnensu. Ashe wanda ya faɗa shi ma a kulle yake.

Abin da ya fi yi mana aiki Zabura 13 ce. Gajeriya ce, aya shida. A ayoyi biyun farko Dawuda ya ce "har yaushe" sau huɗu, yana tambayar Ubangiji ko ya manta da shi ne. Na ce kowa ya ɗauki takarda ya rubuta nasa "har yaushe" guda huɗu, ba sai ya nuna mini ba, sannan ya karanta ayoyi biyun ƙarshe da babbar murya. Wasu sun turo nasu. Har yaushe Baba zai zauna ba albashi. Har yaushe zan ga ƙawata. Har yaushe za a daina faɗa a gidan nan. Wannan na ƙarshen ya sa na kira uwar yaron, na gano abin da ban sani ba shekara uku ina koyar da shi.

Malama Fagge, labarin Maryamu da kika kawo ya taɓa ni, don muna da irinsa a 1 Sarakuna 19. Annabi Iliya ya gudu jeji, ya zauna a gindin itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Mala'ika ya taɓa shi ya ce tashi ka ci, ga gurasa ga tulun ruwa. Ya ci ya koma barci, aka sake tashinsa ya ci. Sai bayan nan aka yi maganar tafiya.

Waɗanda ba su da waya, ga yadda muka yi. Na karɓi lambobin iyaye, na raba yaran uku-uku bisa unguwa. Kowace Lahadi da yamma ina kiran mutum ɗaya a kowane rukuni, minti uku, shi kuma ya kira biyun. Katin ni da wasu iyaye biyu muke haɗawa. Murya ta fi rubutu, Malam. Yaro ya ji an kira sunansa, an ce a ba shi wayar shi ake nema.

Ɗan Aji Ɗaya | Litinin, 4 ga Mayu 2020

Malam barka da shan ruwa. Ni bara na gama sakandare, yanzu ina aji ɗaya a jami'a, muna gida mu ma, ga korona ga yajin aikin ASUU. Shekarata 19, don haka bari in faɗi yadda abin yake daga ɓangarenmu, tare da girmamawa ga iyayena da suka yi magana.

Saƙon da aka tura wa mutum 17 lokaci ɗaya ba ma jin namu ne. A rana irinsa goma ke shigowa, daga zauren dangi, na unguwa, na tsofaffin ɗalibai. Kuma idan Malam ne ya turo, amsa ɗaya ce ta dace, Jazakallahu khairan, to in ka faɗa sau bakwai sai ka ji kunyar sake faɗa.

Baba Ɗan Zaure, wallahi ba kullum waya ce ke hana mu barci ba. Wani lokaci rashin barcin ne ke kai mu ga waya. Dare ne kaɗai lokacin da gida yake shiru, ba a aikenka, ba ka jin Baba da Umma suna lissafin abin da ya rage a buhu.

Abin da zai taimaka, ku ba mu aiki. Monitan nan mai izu 20, a makaranta shi wani ne, yana jan salla, ana jiransa. Yanzu ba mai jiransa. Ku sa wani ya dogara da shi. Ni abin da ya tashe ni, ƙanena ɗan shekara tara da Umma ta ce in riƙa yi masa ƙari a allo bayan azahar. Ranar da ban tashi ba sai ya zo ya tsaya a kaina da allonsa. Kuma kada ku ce izu biyu a rana don a sauke kafin salla. Ku ce shafi ɗaya. Wanda ya yi kwana biyar bai buɗe ba, shafi ɗaya ma dutse ne.

Malamin Aji | Asabar, 9 ga Mayu 2020 (16 ga Ramadan)

Jama'a Allah ya saka muku da alheri, kowa da kowa. Na yi shiru ne ina gwada abin da kuka ce.

Malama, a daren Lahadin na kira mahaifiyar yarinyar. Ba ta san da maganar murar ba sam, ta zaci kewa ce kawai. Yanzu a ɗakinta take kwana. Maiɗakina ta yi magana da ita sau uku. Na farko "to" da "na gode" kawai aka samu. Na biyu ta ba da labarin yadda kakan yake aje mata dabino a aljihun babbar rigarsa tun tana firamare, har bana. Shekaranjiya suka karanta ayoyin Maryam. Ba zan ce ta warware ba, har yanzu tana cewa da ta sani da ba ta riƙa kai masa kunu ɗakinsa ba. Amma ta ci tuwo da sahur, kuma uwar ta samu lambar wata likita 'yar'uwarsu sun yi magana.

Maman Grace, bakinki alheri, kuma kin yi daidai da kika sa shi. Rukunin uku-uku na ɗauka yadda kika faɗa. Na ciro lambobin iyaye daga rajistar aji, na samu 20 cikin 26 ɗin. Wani uban da na ce ɗansa nake nema sai da ya sake tambaya, "Shi? Laifi ya yi?" Na ji yaron yana tahowa da gudu daga soro.

Saƙon asuba na daina. Monita kuwa na kira shi ranar Talata bayan la'asar. Na ce masa na gode da ya gaya mini gaskiya, kuma ina da buƙata a wurinsa: akwai yara biyu a ajin da karatunsu bai yi ƙarfi ba, ina so ranar Juma'a ya karanta musu Kahfi ta waya, aya goma ta farko kawai, su biya. Ya ce Malam ni da ban buɗe ba? Na ce shi ya sa na ce goma. Ɗan Aji Ɗaya, wannan shawararka ce.

Jiya da daddare ya kira ni da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Bai tsaya a goma ba, ya wuce har ƙarshen labarin matasan kogo. Ni na sha karantar da surar nan, na san Allah ya kira su samari da suka yi imani da Ubangijinsu ya ƙara musu shiriya, na san shekara 309. Amma abin da yaron nan ya gani ban taɓa tsayawa a kansa ba.

Ya ce, "Malam, ka ga aya ta 19? Da suka farka wani ya ce kwana nawa muka yi, suka ce yini ɗaya ko rabin yini. Su ma lissafin kwana ya ɓace musu. Sannan suka ba ɗayansu kuɗi ya shiga gari ya sayo abinci, suka ce ya bi a hankali. Malam ai ni ne ranar Alhamis." Ranar Alhamis ɗin, da aka sassauta doka daga ƙarfe goma zuwa huɗu, shi babansa ya aika kasuwa da takunkumi a fuska da kuɗin da bai kai na rabin kwanon shinkafa da mai ba, yana ta ja masa kunne kada ya shiga turmutsutsu.

Sai ya yi shiru, ya ce akwai wata. Aya ta 18, inda Allah ya ce yana juya su dama da hagu suna barci. Ya ce, "Su ba abin da suke yi sai barci, ba tilawa ba nafila, amma Allah bai bar su ba, shi yake juya su." Muryarsa ta karye a nan. Ni ma ban iya cewa komai ba na ɗan lokaci. Da na samu bakin magana sai na karanta masa Wadduha, na tuna masa an saukar da ita ne bayan wahayi ya yi jinkiri har masu baƙin baki suka ce an rabu da Manzon Allah (SAW), sai aka ce masa Ubangijinka bai yi maka bankwana ba kuma bai ƙi ka ba. Ya biya ta tare da ni har ƙarshe.

Ɗan Zaure, ban bar maganarka ba. Kafin mu aje waya na ce masa mutanen kogo barcinsu aya ce, nasa kuwa yana cinye masa azahar, don haka mun yi alkawari zai riƙa yi mini filashin idan ya idar da ita, ni ma in mayar masa. Na kuma roƙi babansa ya bar shi ya ja su asham a gida, ko da gajerun surori ne. Yau ƙarfe biyu saura filashin ɗinsa ya shigo.

Saura yara shida da lambobin iyayensu ba sa shiga, huɗu a Kurna, biyu a wajen Ɗorayi. Na rubuta wa kowannensu takarda da hannuna, da sunansa a sama, da ayoyi goman farko na Kahfi da lambata a ƙasa. Jibi Litinin idan an buɗe zan hau babur in bi gidajen, in tsaya daga bakin ƙofa in miƙa. Biyu daga ciki ban san gidajen ba sai kwatance, monita ya ce zai tambayo mini kafin gobe da yamma.